Ostiriya: Abubuwan Da Fataken Shadda Da Leshi Ya Kamata Su Tanada Kafin Tashi

LEGAS — A Agege da sauran unguwannin Hausawa na Legas, shaddar Getzner, wadda jama'a ke kira Gezna, ta daɗe da zama tufar alfarma ta ranar salla da biki, kamar yadda leshi ya zama ga mata. Mafi yawan 'yan kasuwa suna sarin waɗannan kaya ne a kasuwar Balogun, ko Kantin Kwari a Kano, ko Kwatano, bayan sun bi ta hannun dillalai da dama, kowa ya ɗora ribarsa. Sabili da haka masu jari ke sha'awar zuwa tushen kayan a ƙasar Ostiriya. Amma ribar wannan tafiya tana rataye ne a kan shirin da aka yi tun daga gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA KAYAN SUKE

Abu na farko da ya kamata falke ya sani shi ne, masaƙun ba a Viyana babban birnin ƙasar suke ba. Suna jihar Vorarlberg ne, can ƙarshen yammacin ƙasar, kan iyaka da Suwizalan da Jamus. Masaƙar Getzner, wadda asalinta ya faro a 1818, tana garin Bludenz, leshi kuwa cibiyarsa garin Lustenau ne, a bakin kogin Rhine, inda 'yan kasuwar Nijeriya ke zuwa tun shekarun 1960.

Daga Viyana zuwa wannan jiha tafiya ce ta fiye da sa'o'i shida a jirgin ƙasa, alhali daga birnin Zurik na Suwizalan ba ta wuce sa'o'i biyu. Dalili ke nan da fatake suka fi sauka a Zurik. Ko da yake filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana daf da Agege, babu jirgin da ke zuwa Ostiriya kai tsaye daga can, sai an ya da zango a birane irin su Frankfurt ko Paris ko Istanbul.

BIZA

Ostiriya ta shiga Tarayyar Turai a 1995, kuma tana cikin yarjejeniyar Shengen, wadda ta ba matafiyi damar ratsa ƙasashe masu yawa da biza ɗaya. Suwizalan ma ta shiga wannan yarjejeniya a 2008. Duk da haka, ƙa'ida ita ce a nemi bizar ƙasar da ita ce ainihin maƙasudin tafiya. Wanda zai sayi kaya a Lustenau bizar Ostiriya zai nema, ko da a Zurik zai sauka. Ofishin jakadancin ƙasar yana Abuja.

Bizar tana ba da izinin zaman da bai wuce kwana 90 ba cikin kowane kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yuni na 2024, kuma ba a mayarwa idan aka ƙi bayarwa. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a tashi. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45, don haka mai son kayansa su riski kasuwar salla sai ya fara da wuri.

Dole ne fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar dawowa da aƙalla wata uku. Haka nan ana bukatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000. Ɗan kasuwa zai haɗa da takardar gayyata daga kamfanin da zai ziyarta, da shaidar rajistar kasuwancinsa, da bayanin asusunsa na banki, da shaidar masauki da ta tikitin dawowa. A nan ne ake barin fatake da yawa a baya, domin wanda duk cinikinsa na hannu da hannu ne ba shi da abin da zai nuna, kome yawan dukiyarsa. Zuba kuɗi masu yawa a asusu ana gobe za a kai takardu kuwa zargi yake jawowa.

KUƊI DA KWASTAN

Yuro ne kuɗin ƙasar tun 2002, lokacin da ya maye gurbin Shilin. Suwizalan kuwa tana da kuɗinta, wato Faran, kuma ba ta cikin Tarayyar Turai. Wannan na nufin akwai kwastan a tsakaninta da Ostiriya. Duk wanda ya shigo Tarayyar da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 ko kwatankwacinsu wajibi ne ya bayyana su a rubuce, in ba haka ba a riƙe kuɗin a kuma ci shi tara. A nan gida ma doka ta tilasta bayyana abin da ya haura Dala 10,000 ga jami'an kwastan kafin fita. Biyan kuɗin kaya ta banki ya fi aminci, kuma yana barin shaidar da za ta yi amfani a neman biza ta gaba.

Harajin sayen kaya a Ostiriya kashi 20 cikin ɗari ne. Baƙon da ya sayi kayan amfanin kansa na fiye da Yuro 75 a rasit ɗaya yana iya karɓar harajin, muddin ya fitar da kayan cikin wata uku kuma kwastan suka buga masa hatimi. Wanda zai koma ta Zurik sai ya nemi hatimin a kan iyaka kafin ya bar Ostiriya. Kayan sari kuwa hanyarsu daban ce: kamfani ne ke shirya takardun fitarwa, shi kuma mai saye ya buɗe takardar Form M a bankinsa kafin a loda kayan.

ZAMA A CAN

Jamusanci ne harshen ƙasa, amma a ofisoshin kamfanoni ana jin Ingilishi. Ba a faɗa wa masaƙa ba sanarwa. Ana tsayar da rana da sa'a tun daga gida, kuma makara ko ta minti goma ce tana rage wa mutum daraja. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, in ban da ƙalilan a manyan tashoshi, ranar Asabar kuwa ana rufewa da ƙarfe shida na yamma.

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi kan kai ga ruwa ya daskare, ga dusar ƙanƙara, don haka kayan hunturu na gida ba za su wadatar ba. Sai babban kwat da safa da takalmi rufaffe. Agogonsu daidai yake da na Nijeriya a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da sa'a ɗaya. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, saboda haka a tafi da mahaɗin caja. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Dangane da addini, dokar ƙasar ta amince da Musulunci tun 1912. A Vorarlberg akwai Turkawa da yawa da suka zo aikin masaƙu tun shekarun 1960, kuma a wurinsu ake samun masallatai da naman halal. A sauran gidajen abinci a lura da kalmar Schwein, wato alade. Hajiyoyi 'yan kasuwa su sani cewa tun Oktoban 2017 an hana rufe fuska a bainar jama'a, da tarar da ke kaiwa Yuro 150. Hijabi ko mayafin da bai rufe fuska ba babu laifi.

LISSAFIN ƘARSHE

Kafin yanke tikiti, ya dace ɗan kasuwa ya haɗa kuɗin jirgi da masauki da biza da dakon kaya da harajin kwastan, ya raba su a kan yawan yadin da zai saro, sannan ya gwada da farashin Balogun. Idan jarin ƙarami ne, gara mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su tura wakili ɗaya. Wanda ya je kuma ya kiyaye ranar dawowa, domin tun Oktoban 2025 aka fara rubuta shiga da fitar baƙi a na'ura tare da hoton fuska da zanen yatsu. Zarce wa'adi ko da kwana kaɗan ne na iya rufe wa mutum ƙofar ƙasashen Shengen gaba ɗaya, ya kuma ɓata amanar kamfanin da ya gayyace shi.