Ba huhu ne ke jan numfashinka ba

Riƙe wayar nan da hannu ɗaya, ɗayan kuma ka ɗora shi a kan cikinka, ka ja dogon numfashi. Ka ji cikin ya taso? To, ba iska ce ta shiga cikin ba. Wata tsoka ce ta sauko ta turo kayan ciki gaba.

Da yawanmu mun ɗauka huhu ne ke zuƙo iska da kansa. Gaskiyar magana, huhu ba shi da ƙarfin yin hakan. Masu aikin su ne haƙarƙari da wannan tsoka da likitoci ke kira dayafiram, wadda ta raba ƙirji da ciki.

Siffarta kamar ƙwarya ce a kife, a ƙarƙashin huhu da zuciya. Idan ta ɗaure sai ta baje ta yi ƙasa, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari su ɗaga shi sama da waje. Ƙirji ya buɗe, iska ta faɗa da kanta, kamar yadda take shiga zugazugin maƙeri. Idan tsokar ta saki, iskar ta fita. Babban mutum a zaune yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, har cikin barci. Shaƙuwa ma daga nan take: tsokar ce ke fizga ba shiri, maƙogwaro ya rufe.

Shi kuma haƙarƙari ƙasusuwa 24 ne, 12 dama 12 hagu, ga namiji da mace duka. Bakwai na sama a kowane gefe sun haɗu da ƙashin ƙirji ta hanyar guringuntsi, uku sun rataya a jikin na samansu, biyun ƙarshe ba su kama komai ta gaba ba. Na ƙasan su ke kare hanta a dama da saifa a hagu.

Za ka ce, to ni ina ruwana? Ga inda ruwanka yake. Jijiyar da ke ba dayafiram umarni daga wuya ta taso, wajen ƙashin wuya na 3 zuwa na 5. Idan lakar ta lalace a nan ko sama da nan, numfashi na iya tsayawa ko da huhu lafiyarsa ƙalau.

Yanzu tuna yadda muke yi idan babur ya faɗi a titi. Wasu sun ciro waya suna bidiyo, wasu sun cicciɓi mutum hannu da ƙafa, kansa na lilo, an cusa shi a adaidaita. Niyyar mai kyau ce, amma idan wuyan ya samu rauni, wannan ɗaukar tana iya ƙarasa abin da hatsarin ya fara. In ba wuta ko wani haɗari ke tunkaro shi ba, kar ka ja shi. Riƙe kansa daidai da jikinsa, a kira masu agaji. In dole sai an ɗauka, a sa shi a kan abu mai faɗi da tauri, wani na riƙe da kan.

Haka batun karayar haƙarƙari. Kar a ɗaure ƙirji tamau da ƙyalle da sunan ɗori. Ɗaurin yana hana numfashi mai zurfi, majina ta taru, ciwon huhu ya biyo baya. Yawanci karayar kan haɗe da kanta cikin kamar mako 6, amma likita ya duba tukuna. In da haki, tari da jini ko ciwon ciki, asibiti kai tsaye.

Don Allah, ranar da ka tarar da hatsari, mayar da wayar aljihu in ba kiran agaji za ka yi ba. Hannuwan nan biyu, kan mutumin ke buƙatar su.