Shin Ko Kun San? Wasannin da Hotonsu Ya Ɓace, Muryarsu Ta Tsira

Shin ko kun san cewa a Jos aka tsinto wasu wasannin talabijin da Ingila ta riga ta fid da rai da su? A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar cewa Philip Morris, mai farautar tsofaffin finafinai, ya gano kashi 9 na wasan Doctor Who jibge a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A 1967 da 1968 aka nuna su a Ingila. Da wannan tsintuwa adadin waɗanda suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97.

To, ya aka yi suka ɓata? BBC ce ta share su da hannunta. Faifan bidiyo yana da tsada a lokacin, sai a goge tsohon shiri a ɗora sabo, kuma haka aka yi ta yi har 1978. Kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje, ciki har da Nijeriya, shi ne ya riƙa tsira.

Ga inda abin ya fi burge ni. Ko kun san cewa duk kashin da hotonsa ya salwanta, muryarsa tana nan? 'Yan kallo ne suka cece ta, yawancinsu samari, masu kara makirufo a jikin akwatin talabijin suna naɗa a gida. Wani mai suna Graham Strong bai tsaya nan ba, ya jona wayar na'urarsa kai tsaye cikin akwatin, shi ya sa nasa ya fita tangaran, babu hayaniyar ɗaki. Da irin waɗannan muryoyi aka sake gina labarin Doctor Who mai suna The Power of the Daleks da zanen katun a 2016.

Mu fa? Tun 1962 ake talabijin a Kaduna. An yi Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, an yi Karambana na Ƙasimu Yero, an yi Idon Matambayi a Sakkwato, tun Zamfara ba ta zama jiha ba, don sai 1996 aka ƙirƙiro ta. Tashoshinmu ma sun sha ɗora sabon shiri a kan tsohon faifai, ga zafi, ga ƙura, ga damina.

A ganina ƙauye ya kamata a fara bincika. A garuruwan Zamfara irin su Banga da ƙauyukan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, rikoda mai batir ta riga talabijin shiga gidaje, kuma mutane sun saba danna jan maɓalli su naɗi abin da suke so. Samanja ma an yi shi a rediyo. Kaset ɗin da ke ƙasan adakar Baba zai iya zama kwafin da ya rage.

Wanda ya samu, kada ya yi garajen sa shi a rikoda mai cin zare. A fara juya shi da biro a ga ko zaren ya manne, a nisanta shi da rana da maganaɗisun lasifika, sannan a kai wa mai juya kaset zuwa kwamfuta, a rubuta sunan shirin da tashar a jikin kwalin.