Ciwon Baya: Allurar Da Ke Tona Asirin Inda Ciwo Yake

Duk wanda ya san Aboabo da Asawase da Alabar a Zangon Kumasi, ya san da gadon baya ake neman abinci. Daga mai sauke huhun goro zuwa mai jigilar albasa, har da ɗan kasuwar da ke kwana zaune a mota tsakanin Kejetia da Paga ko Aflao, da wuya ka sami wanda bai taɓa kukan ƙugu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna takamaiman abin da ya haddasa shi.

Matsalar ita ce hoto ba ya nuna zafi. Sau da yawa hoton ƙashi zai nuna zaizayewa a bayan mutumin da lafiyarsa ƙalau, wani kuma yana murƙususu amma hotonsa bai nuna komai ba. Wannan ne ya sa likitoci ke amfani da wata allura ta bincike.

A ƙugun mutum akwai ƙasusuwa 5 a jere, kuma ta baya wasu ƙananan gaɓoɓi ne ke haɗa su, dama da hagu. Kowace gaɓa tana da siraran jijiyoyi 2 masu kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Sai likita ya kwantar da mutum rub da ciki, yana kallon na'urar hoto, ya zura allura daidai kan jijiyar da yake zargi, ya ɗiga maganin kashe zafi irin su lidocaine ko bupivacaine, kamar rabin mililita.

Daga nan sai a ce mutum ya tashi ya yi abin da ya saba tayar masa da ciwon: miƙewa, juyawa, tsayuwa. Idan zafin ya ragu sosai, wasu likitoci kan nemi kashi 80 cikin 100, to alama ce an gano wurin. Idan bai ragu ba, sai a duba wani gefen.

Abin lura a nan, jama'a, wannan allura gwaji ce, ba waraka ba. Bayan 'yan sa'o'i maganin zai sake, ciwon ya dawo. Kada mutum ya ce an ci kuɗinsa a banza. Haka kuma allura ɗaya takan yi ruɗi, shi ya sa ake maimaitawa wata rana. In duka biyun sun tabbatar, ana iya ƙona jijiyar da na'ura mai zafin kusan digiri 80, abin da kan ba da sauƙi na wata 6 zuwa shekara, kafin ta sake tohowa.

Mai niyya ya fara da asibitin unguwa, su tura shi babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda aka fi sani da Gee. Ya tambayi inda ake yin allurar, da kuɗinta, da ko katin inshorar lafiya na NHIS zai ɗauke masa. Ya gaya wa likita in yana shan maganin tsinka jini kamar warfarin, ko yana da ciwon suga, mace kuma ta faɗa in tana da juna biyu. Ranar allura a zo da ɗan rakiya, domin ba a tuƙi bayanta.

Wannan ba allurar kemis ba ce, kuma ba ta mai yawo da jaka a tasha ba. Shan diclofenac kullum yana illa ga ciki da ƙoda, tramadol kuwa kama mutum yake yi.

Sannan wanda ya ga fitsari ko bayan gida na kufce masa, ko ƙafa ta mutu, ko zazzaɓi da rama, ya garzaya asibiti a ranar, domin tarin fuka ma yana cin ƙashin baya. Kasuwa za ta jira. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.