Iskar da Ke Zuwa Ran Kasuwa

Karo na farko da ƙanena ya faɗi, a ƙofar gidanmu ne a Sabon Gari, yana jingine babur ɗinsa na kabu-kabu. Ya sandare, ya yi ta fizge-fizge, bakinsa na kumfa. Inna ta ce iska ce. Aka kawo rubutu da turaren hayaƙi. Gwaggo ta zo daga Jiratawa ta ce a kai shi Tibiri wurin 'yan bori, tunda can ne gidan abin.

Ni kuwa na fara lissafi. Sau uku ya faɗi, duka a ranakun kasuwa, bayan ya wuni kan hanya. Wace iska ce mai jiran ran kasuwa?

Abu na biyu, kwanon tuwonsa. Da safe na riƙa tarar da shi a rufe, ko loma bai taɓa ba, alhali mutum ne da ya yi aikin awa goma sha huɗu. Gajiya ma ba ya kuka da ita.

Na uku na same shi a ƙarƙashin sirdin babur, ina neman sifana: fankon katin ƙwayoyi guda shida, kowanne da lamba 225. Tramol. Mai farmasin unguwa ya ce likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, kuma in ƙwayar ta yi yawa tana kawo farfaɗiya. Uku irin waɗannan sun haura 600.

Na ɗauka an gama. Na yi niyyar yi masa faɗa, amma sai na fara kai shi likita. Ma'aikaciyar jinyar ta ajiye katin gefe, ta dube shi.

"Tun yaushe rabonka da barci mai daɗi?"

Ya daɗe shiru. "Tun da aka rufe boda."

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyakarmu da Nijeriya, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, fasinja suka ƙafe. Babur ɗin na bashi ne, mai shi kuwa kullum yana jiran kuɗinsa da yamma. Barci ya ƙaurace masa, ya daina zuwa fada wurin abokai, yana jin ba shi da amfani. Ƙwayar ce ke tayar da shi daga tabarma.

"Yaya, da na faɗa, cewa za a yi na haukace."

Ma'aikaciyar jinyar ta ce masa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ta hana a yanke ƙwayar lokaci guda, sai a hankali bisa tsarin likita. Na je na roƙi mai babur ya sassauta.

Inna har yau tana jiƙa masa rubutu da asuba. Yana shanyewa, sannan ya haɗiyi maganin likita, ita ce ma ke tuna masa ranar komawa.