Zaɓen Unguwa ga Ma'aurata Ma'aikata a Yamai

Kogin Kwara ya raba birnin Yamai gida biyu. Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda, a tsallaken kogi, amma yawancin ma'aikatun gwamnati da Babbar Kasuwa suna ɗaya gefen. Idan miji yana aiki a gefe ɗaya, matarsa a ɗayan, dole ɗayansu ya riƙa ƙetare gada safe da yamma.

Daga 1970 zuwa 2011 Gadar Kennedy ce kaɗai hanyar mota. An buɗe gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021, sai cunkoso ya ragu.

A al'ada miji ne yake samar da muhalli, mata ta tare. To, amma idan ita ma ma'aikaciya ce, akan duba abu uku. Na farko, gida mai arha da ke nesa yakan cinye rarar a kuɗin taksi. Na biyu, wanda yake kai yara makaranta shi ya fi buƙatar kusanci. Na uku, ambaliya: a 2020 ruwa ya ci unguwannin bakin kogi, irin su Lamorde.