Asabar ko Lahadi: Wace rana ce ta ibadar Kirista?

A Karu da ke Abuja, galibin majami'u, irin su ECWA da Katolika, na cika ne ranar Lahadi, domin tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. Mabiya cocin Seventh-day Adventist kuwa, wanda David Babcock ya kawo Nijeriya a 1914, Asabar suke kiyayewa, bisa doka ta huɗu a Littafin Fitowa, sura 20.

Masu ibadar Lahadi na kafa hujja da Kolosiyawa 2:16 da Ayyukan Manzanni, sura 15, inda manzanni ba su ɗora wa Kiristocin da ba Yahudawa ba dukkan shari'ar Musa ba. Saboda haka, a ganinsu, Idin Ƙetarewa da Idin Bukkoki ba wajibi ba ne. Su ma Adventist ba sa yin waɗannan bukukuwa.

Saɓanin ya shafi rayuwar yau da kullum, tunda ranar Asabar ake gudanar da manyan zaɓuka. A 2024, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta kori ƙarar wani ɗan cocin da ya nemi a hana zaɓe da jarrabawa a ranar, lamarin da ya bar masu kiyaye Asabar tsakanin ibada da ƙuri'a.