Abin Da Ke Sa Shuka Yaushi Alhali Ga Ruwa A Gindinta

In rani ya kama, masu lambu sukan koma fadama da aikin ban ruwa. Sau da yawa mutum yakan ga albasarsa ta tsumbure, bakin ganye ya ƙone, alhali kuwa kullum yana ba ta ruwa. Sai ya ɗora wa iri laifi, ko ya ce tsutsa ce. In ya duba bayan ƙasa ta sha iska, watakila ya ga wani fari-fari kamar an barbaɗa gari. Wannan gishiri ne ko kanwa, shi ne kuwa ɓarawon.

Ga yadda abin yake. In aka yanka albasa aka zuba mata gishiri, jim kaɗan sai ruwa ya tsattsafo, gama ruwa yakan bi wajen da gishiri ya fi yawa. Da wannan dabara saiwa ke sha, domin ruwan jikinta ya fi na ƙasa kauri. To, in gishiri ya taru a ƙasa, sai jan ruwa ya gagari saiwa, har wani lokaci na jikinta ma ya fita. Watau shuka tana cikin damshi, amma ƙishirwa na kashe ta tamkar an yi fari.

A jikin ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan shuka ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwa ke fita. Da saiwa ta ji ƙishi sai ta aika wa ganye, ƙofofin su rufe. Ruwa ya tsira ke nan, amma abinci ya tsaya, don sai da iskar nan ganye ke haɗa abincin shuka. Shi ya sa girma ke tsayawa tun kafin a ga yaushi. Masara takan naɗe ganyenta. Dawa kuwa, wadda farin garin nan na kararta ke rage mata asarar ruwa, takan yi likimo har ruwa ya dawo. Masara ba ta da wannan haƙuri, balle lokacin da za ta yi goyo.

Wajen jure gishiri ma ba ɗaya suke ba. Sha'ir da auduga da alkama suna da dauriya, dabino kuwa ga shi nan yana 'ya'ya a Bilma, garin gishiri. Albasa da karas da lemo su ne ragwaye.

Kowane ruwan rijiya ko na rafi yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana ta ɗauke ruwan, gishirin ya zauna. Saboda haka yayyafi kaɗan-kaɗan kullum shi ke tara shi a sama. Gara lokaci-lokaci a cika fangali sosai, ruwa ya nutse da gishirin ƙasa da saiwa, amma fa sai da magudana, in ba haka ba ruwan ya kwanta, gishirin ya sake hawowa. A zuba takin gida, a rufe ƙasa da ciyawa don rage zafin rana. Inda ake kora ruwa ta tsakanin kunyoyi, gishiri kan taru a tsororuwar kunya, sai a shuka a gefenta. Takin zamani ma dangin gishiri ne, kada a zuba shi ya taɓa iri ko gindin dashe.